Idon da Kawu Ya Zaɓa a Nguru

Ranar da Allah Ya karɓi ran Kawu, tun kafin a gama haɗa shi ƙofar gidansa na Gashua ta cika. Ni ina ciki wajen mata. Kowace ta shigo sai ta zauna ta yi mana gaisuwa, ta ce Allah Ya ba mu haƙuri, daga nan sai ta kawo labarin ranar da ya ɗauke ta hoto. Wata tsohuwa daga Katuzu ta ce ranar aurenta a gindin tsamiya ya tsayar da ita har ƙafafunta suka sage, wai yana jiran rana ta kauce. Wata ta ce ita korarta ya yi, ya ce ta je ta wanke hodar da ta lafta, fuskarta ya zo ɗauka ba gari ba. Aka ɗan yi dariya ƙasa-ƙasa, sai aka tuna inda ake, kowa ya koma kan carbinsa.

Matar Kawu ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya take ta tambaya: an sanar da Nguru? Aka ce an sanar. Can anjima ta sake tambaya.

Mijina ne ya ba ni labarin waje. Ya ce bayan an dawo daga maƙabarta wani dattijo ya sauko daga motar Nguru yana dogara sanda. Aka miƙa masa kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa gefen tabarma. Can wajen la'asar wani ya ambaci taurin kan mamacin, sai ya ɗago ya ce, "Taurin kai kam akwai. Amma bai taɓa yi wa fuskar mutum ƙarya ba." Wannan dattijon wan matar Kawu ne, surukinsa ke nan.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, jikokinsa ne. A wajensu Kawu wani tsoho ne da ke zama a zaure da rediyo, yana ƙanƙance ido kafin ya gane wanda ya yi sallama. Ba na so a ce iyakar abin da za a riƙe game da shi ke nan.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Su biyu suka rayu a ɗakinsu: Inna ce babba, shi ne auta. Mahaifinsu masunci ne kuma manomin fadama, ya so ɗansa namiji tilo ya gaje shi a kogi da gonar shinkafa. Kawu kuwa ya tafi Nguru yana saurayi, ya dawo da kyamara rataye a wuya. Inna ce ta riƙe gonar tare da mijinta har tsohon ya rasu, kuma ba ta manta ba. Ba gaba suke yi ba. Kullum yana zuwa gaishe ta, tana ajiye masa busasshen kifi. Amma da ta ga ya taɓa igiyar kyamarar nan sai ta ja mayafi ta juya fuska, ta ce masa da yaren Bade, wanda take komawa in ranta ya ɓaci, "Ka ɗauki duk garin. Ni ba za ka ɗauke ni ba." A bukukuwan gidanmu duka, in ka duba hotunan, wani lokaci za ka ga gefen zaninta a bakin hoto, shi ke nan.

Kyamararsa irin ta da ce, mai cin fim, baƙa, gefunanta sun goge saboda riƙo. Ba ta cikin gilashin gaba ake leƙe ba. Akwai wata 'yar taga a sama ta gefe, in ka leƙa za ka ga ɗan tabo mai haske a tsakiya, a cikinsa abin da kake kallo ya rabu biyu kamar kana jin jiri. Sai ka murɗa zoben gilashin a hankali har biyun su hau kan juna su zama ɗaya. A nan ne hoto zai fito tas. Gilashin gaban, wanda ake iya cirewa a ɗaura wani, Kawu "ido" yake ce masa. Guda ɗaya gare shi duk rayuwarsa, mai lamba hamsin. Ya ce shi ne yake gani daidai da idon mutum, ba ya jawo nesa kusa, ba ya tura kusa nesa. Aibinsa ɗaya, ƙofar da haske ke shiga ƙarama ce, iyakar buɗewarta uku da rabi. A wannan sana'a, in lambar ta yi ƙasa ƙofar ta fi girma. Cikin rana idon Kawu ba shi da matsala. A ɗaki kuwa sai kyamara ta daɗe a buɗe kafin ta sha isasshen haske, kuma a ɗan tsakanin nan in mai ɗauka ya motsa, ko wanda ake ɗauka, hoto ya lalace.

Shi ya sa kowa ya san shi da kalma ɗaya: "Tsaya tukun." Ango ne kai ko ɗan siyasa, sai ka tsaya. Filasha kuwa, walƙiyar nan ta kyamara, ya tsane ta. Ya ce tana firgita fuska, ka ga mutum a hoto kamar an kama shi yana sata.

Akwai shekarar da ruwa ya shiga gidajen unguwannin bakin kogi. Bayan ya janye, mutane suka riƙa fito da hotunan iyayensu sun manne da juna, duk laka. Kawu ya kafa robobi a tsakar gidansa, ya riƙa jiƙa su a ruwa mai kyau yana raba su ɗaya bayan ɗaya da bakin farce, yana shanyawa a igiyar wanki. Makonni aka yi matarsa ba ta da wurin shanya. Ba wanda ya sa shi, kuma in an yi masa godiya sai ya haɗa rai ya ce, "Nan gaba a riƙa ratayewa a sama."

Rigimarsa da surukinsa kuwa a kan fata ce. Tare suka koyi hoto a Nguru, a nan ma Kawu ya ga ƙanwar abokin nasa ya aura. Surukin ɗan gidan 'yan kasuwa ne da kakanninsu suka zo daga Kano, ya san abin da mai saye ke so. In ya wanke hoton amarya sai ya haskaka fatarta, ya share zanen fuska, har uwarta ma sai ta duba sau biyu. Wata rana a wajen wani suna, a gaban mutane, Kawu ya ɗaga ɗaya daga cikin hotunan ya ce, "Wannan 'yar wane gari ce? Mu dai ba mu haife ta ba." Tun daga ranar suka daina magana. Matar Kawu ta riƙa zuwa Nguru ita kaɗai, 'ya'yansu suka girma, suka yi aure, abin yana nan.

Sai Inna ta kwanta. Ciwon ƙoda ne, wanda ya ɗebe mana mutane da yawa a garin nan. Ƙafafunta suka kumbura, numfashinta ya yi nauyi, haske mai ƙarfi yana sa mata ciwon kai. Ta daina fitowa ko tsakar gida. Ɗakinta taga ɗaya gare shi, ƙarama, tana kallon yamma, sai bayan la'asar rana ke ɗan leƙowa. Damina ce, ni na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa na dawo jinya.

Wata safiya Kawu ya zo gaisuwa tare da ɗansa na fari. Yana zaune a bakin ƙofa, Inna ta buɗe ido ta ce, "Auta, abin nan naka yana aiki har yanzu?"

Ya ce, "Wane abu, Yaya?"

"Wanda ka ƙi gona saboda shi. Ka zo ka ɗauke ni. Amma ba zan fita ba, kuma ban da walƙiyar nan."

Ɗan Kawu ne ya fara magana, ya zaro wayarsa ya ce, "Baba, ai wannan ko cikin duhu tana ɗauka. Yanzu ma sai a yi."

Inna ta ce, "Ba waya na ce ba."

Kawu ya tashi ya tsaya a tsakiyar ɗakin. Ya dubi tagar, ya dubi gadon, ya ɗaga tafin hannunsa yana juya shi yana kallon yadda haske ke sauka a kai. Ya fita ba sallama. Na bi shi zaure, na same shi ya jingina da bango.

Ya ce, "Idona ba zai iya ɗakin nan ba. Ko na kafa kyamarar a kan maɗorinta mai ƙafa uku, ita tana haki, ƙirjinta ba ya tsayawa. Sai mai sauri."

Na ce, "Mai sauri kamar yaya, Kawu?"

"Mai babbar ƙofa. Wanda zai sha hasken da ƙiftawa ɗaya, kafin ta motsa."

Ɗansa ya biyo mu. Ya ce, "Baba, don Allah. Gwaggo ba ta da wannan lokacin. A ina ma za ka sami irin wannan yanzu? Sai Kano, in ma akwai."

Kawu bai dube shi ba. Ya ce, "Akwai a Nguru."

Duk mun san gidan da yake nufi.

Washegari ni na raka shi, don matarsa ta ce in ta je za su fake da ita su ƙi kallon juna. Muka shiga motar haya da safe. Har muka wuce Jajimaji kyamarar tana cinyarsa ya dafe ta da hannu biyu.

Gidan surukin yana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Ya daɗe da barin hoto, 'ya'yansa suna sayar da hatsi. Muka same shi a zaure. Aka yi gaisuwa doguwa, gida, iyali, damina, kowa yana kallon tabarma. Kawu ya gyara murya.

"Alhaji, Yaya ce ba lafiya. Ido na zo aro."

Surukin ya ɗago ya dube shi. Ya ce, "Duk shekarun nan, Malam, sai yau ka gane hanyar gidana."

"Sai yau."

Na ɗauka a nan za a watse. Amma surukin ya yunƙura ya shiga ciki, ya dawo da wani gwangwani, ya buɗe, ya warware tsummoki biyu a kan tabarma. Idanu biyu ne, duka masu lamba hamsin, duka suna hawa kyamarar Kawu. Ɗaya ƙarami ne, bai fi na Kawu girma sosai ba, yana buɗewa zuwa biyu. Ɗayan ƙato ne mai nauyi, gilashinsa faffaɗa kamar bakin kofin shayi, yana buɗewa zuwa ɗaya da ɗigo huɗu.

Hannun Kawu kai tsaye kan babban ya tafi. Ya ɗaga shi ya duba ta cikinsa, fuskarsa ta saki irin yadda ban taɓa gani ba.

Surukin ya ce, "Ƙaramin zai ba ka kamar ninki uku na hasken da naka ke sha. Babban ya ninka ƙaramin. Amma ka san halinsa. In ka buɗe shi duka kuma kana kusa, abin da zai fito tas bai fi kaurin yatsa biyu ba. Ka kuskure kaɗan, kunne ya fito, ido ya tafi."

"Ba yau na fara ba."

"To mu gani."

Ya kai mu wani ɗakin ajiya mai 'yar taga, ya ce in zauna a kan buhun gero kamar ni ce mai jinyar. Kawu ya ɗaura babban, ya durƙusa, ya leƙa. Na ji ya yi tsaki. Ƙaton gilashin ya tare masa kusurwar tagar leƙen, zoben kuma ya yi tauri saboda daɗewa. Ya murɗa, ya dawo, ya murɗa, ya ce, "Ya hau." Surukin ya ɗauko tef irin na tela ya auna daga kyamarar zuwa idona, sannan ya duba lambar da zoben ya tsaya a kai. Ya ce, "Sake." Kawu ya sake. Aka auna. "Sake." Zufa ta fara bin wuyan rigarsa. Karo na ƙarshe surukin ya naɗe tef ɗin a hankali.

"Ɗazu ka wuce ta, yanzu ba ka kai ba. Yanar ido ta fara rufe maka gani, Malam. Ƙanwata ta faɗa min tun bara."

Ba wanda ya taɓa faɗa wa Kawu wannan a fuska, duk da mun lura. Ya miƙe tsaye. Ya kwance babban ya dire shi a kan buhu, ya ce da ni, "Tashi mu tafi."

Muna zaure yana neman takalminsa wayata ta yi ƙara. Ƙanena ne daga gida. Ya ce jikin Inna ya tsananta tun hantsi, an yanke shawara gobe da asuba za a wuce da ita babban asibiti wankin ƙoda, kuma ba a san ranar dawowa ba. Ya ce, "Tana ta tambaya ko Kawu ya dawo." Muryarsa tana fita, duk sun ji.

Kawu ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ya cire shi, ya koma ya zauna a tabarma.

Surukin ya kawo idanun biyu ya ajiye a gabansa, murya ƙasa ya ce, "Tafi da su duka. Babban ma ai ana iya rage shi zuwa biyu in ka ga dama."

Kawu ya girgiza kai. "Na san kaina. In yana hannuna sai na buɗe shi duka. Kuma in na tafi da biyu, a gaban gadonta zan tsaya ina zaɓe." Ya ɗauki babban ya jujjuya shi, ya shafa gefensa da babban yatsa. Tun yana saurayi yake son irinsa, daga baya matarsa ta gaya min. Ya naɗe shi a tsummansa ya mayar gwangwani da kansa. Ya ɗauki ƙaramin ya ɗaura.

"Wannan zai yafe min in na kuskure kaɗan. Sai dai hannuna ya tsaya."

Surukin ya shiga ciki ya fito da fim guda daga firij, baƙi da fari, irin mai jin haske. Ya ce, "Shi kaɗai ya rage min, kuma ya tsufa. Allah Ya ba ta lafiya." Ya rako mu har bakin titi. Ba su yi musabaha ba, amma ya tsaya har motar ta tashi.

A cikin motar Kawu ya lulluɓa da babbar rigarsa ya sa fim ɗin, don kada a ɓata lokaci in mun isa. Da ya fito da kansa sai ya ga abin da ni na riga na gani. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kuma can muka nufa. Ya riƙa waiwaye ta gilashin baya yana duba rana.

Gaba da Jajimaji akwai shingen jami'an tsaro. Aka ce kowa ya sauko da kayansa. Wani matashi cikin masu tsaron ya ga kyamarar, ya miƙo hannu. Kawu ya ba shi. Ya jujjuya ta yana neman inda ake kunnawa, bai samu ba, fuskarsa ta canza.

"Baba, me ka ɗauka a hanya? Buɗe mu gani."

Farcensa yana kan makullin da ke ƙasan kyamarar. Na buɗe baki zan yi bayani, Kawu ya dafa hannuna. Na san zafinsa, na jira tsawa. Sai na ji ya yi magana a hankali.

"Ɗana, ban ɗauki komai ba tukun. In ka buɗe nan, hasken rana zai cinye abin da ke ciki, kuma ba ni da wani. Yayata tana kwance a Gashua, ita zan ɗauka."

Matashin bai ɗauke farcensa ba. Direba ya kawar da kai. Iska ta fara tasowa.

"Ciwon me?"

"Ƙoda."

Ya ɗauke farcensa. Sannan ya miƙo kyamarar da hannu biyu ya ce, "Shi ya ɗauki mahaifina. Ku tafi."

Mun isa gida bayan la'asar, hadarin ya riga ya kai ga rana. Ɗakin Inna ya fi jiya duhu. An jingina ta da matasai, tana haki. Kawu ya ɗaga tafin hannunsa a gaban tagar ya duba, na ji ya ce ƙasa-ƙasa, "Da babban na ɗauko."

Ɗansa yana tsaye a ƙofa, ya ji. Ya fita. Sai ga shi ya dawo da farin zanen gado da ya cire daga igiya. Ya yaye labulen tagar, ya je ɗaya gefen gadon ya ware zanen da hannu biyu, hasken tagar ya bugi farin ya dawo kan fuskar Inna. Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗaga sama kaɗan. Haka."

Inna ta ce in gyara mata ɗankwali. Na gyara. Kawu ya jawo turmi ya kifa ya zauna, ya buɗe idon har ƙarshensa, ya leƙa, ya murɗa. Ya daɗe. Sannan ya sauke kyamarar daga fuskarsa ya miƙo min ba tare da ya dube ni ba.

"Malama, duba min. Ya hau?"

Tun da nake ban taɓa ganin ya bar wani ya leƙa ta ba. Na sa ido. Ga Inna ƙarama a cikin tagar, a tsakiyar tabon ƙwayar idonta ta ɗan rabu biyu. Na murɗa zoben kaɗan, suka haɗe.

"Yanzu ya hau, Kawu."

Ya ce in durƙusa a gabansa. Ya ɗora gwiwar hannunsa a kafaɗata. Ina jin rawar hannun tana ratsa ni.

Inna ta ce, "Ka yi mana. Kai kullum sai ka sa mutane jira."

"Tsaya tukun, Yaya. In kin sauke numfashi, ki riƙe kaɗan."

Ta ja, ta sauke. Shi ma ya riƙe nasa, rawar ta tsaya, na ji wani ɗan ƙas a gefen kunnena, ƙaramin sauti ƙwarai. Ya ja fim, ya jira wani numfashin. Haka suka yi ta yi, ita da shi, ɗakin yana ƙara duhu, ɗansa yana nan riƙe da zanen. Wani lokaci tari ya katse ta, wani lokaci shi ne ya motsa ya yi tsaki.

Can ta ɗaga hannu ta ce, "Ya isa. Ba ni in gani."

Ya cire igiyar daga wuyansa ya ɗora mata kyamarar a hannu, ya nuna mata tagar. Ta sa ido ta juyo da ita kansa.

"Ashe haka kake ganinmu. 'Yan ƙanana."

"Yaya, kada ki danna nan."

Ya miƙa hannu, amma ta riga ta danna. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ruwan ya sauko da ƙarfi a kan kwano, muka daina jin juna.

Da asuba aka tafi da ita, ni ma na bi. Kawu ya zauna a Gashua, ya toshe ɗakin ajiyarsa da barguna, ya haɗa sauran maganin wankin da ya adana. Matarsa ta ce ranar bai ci abinci ba, kuma da ya fito da fim ɗin yana ɗiga sai ya kira ɗansa ya duba masa a haske, don shi bai yarda da idonsa ba.

Bayan 'yan kwanaki ya iso asibitin da hotuna tsakanin kwali biyu. Inna ta rame, amma tana gane mutane. Ya ce sauran duk sun girgiza, ɗaya ne ya fito tas. Ya miƙa mata shi. Ga ta nan a jingine, rabin fuskarta a haske, zanen kuncinta duka a fili, idanunta tas suna kallon mai ɗauka kamar za ta yi masa faɗa. Ta duba ta ce, "Innarmu ce sak." Ta miƙo min.

Sai ta ga akwai wani a ƙasa yana ɓoyewa. Ta ce, "Wancan fa?"

"Ɓarnar da kika yi min ce."

Ta karɓa. Kawu ne, an yanke masa hula da rabin goshi, ya miƙo hannu, baki a buɗe, duk ya yi dishi-dishi. Ta kai shi kusa da fuskarta ta daɗe tana kallo.

"Ni na ɗauki wannan?"

"Ke ce. Bai hau ba, kuma kin girgiza."

"Kai ma ka tsufa, Auta." Ta tura shi ƙarƙashin matashinta. "Hotona ka ba yaran. Wannan ka bar min."

A ƙarƙashin matashin muka same shi ranar da ta cika, kafin kaka ta shigo. Kawu ya mayar da idon Nguru da kansa, ya yi kwanaki a gidan surukinsa, bai sake ɗaukar kowa ba har ya bi ta.

Allah Ka jiƙan Kawu, Ka yafe masa zafin ransa, Ka haskaka masa kabarinsa. Ka haɗa shi da yayarsa a inda babu jinya.